Yadda Ake Kare Rodin Kankare Daga Tsatsar Gishiri da Sinadarin Fosfet

Da yawa daga cikin maginanmu sun ɗauka gishirin da ke cin rodi matsalar mutanen bakin teku ce, irin su Legas da Fatakwal. Amma ka haska tocila ƙarƙashin murfin masai a wani ƙauyen Kura ko Ringim, ko ka duba gindin filar shagon da ake jibge taki. Za ka ga layin ruwan ƙasa-ƙasa ya biyo tsawon rodin, kankaren ya tsage daidai kan layin, in ka sa guduma ya ɓanɓaro kamar ɓawon gyaɗa. Rodi mai milimita 12 sai ka tarar wani wuri ya koma kamar tsinken tsire, alhali taƙi ɗaya gaba lafiyarsa ƙalau. Wannan cin na wuri-wuri shi ne tambarin kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri.

Fosfet yana taimakawa, amma sai an sa irin da ya dace, a jikin ƙarfen, kuma an lulluɓe shi da kankare na kirki.

Abin da ke faruwa a cikin kankaren

Ruwan da ke cikin ƙananan ƙofofin kankare ruwan toka ne mai ƙarfi, ma'auninsa na pH, wato awon da ke nuna tsami ko kaifin toka, tsakanin 12.5 da 13.5. A cikin irin wannan ruwa ƙarfe yakan yi wa kansa wata siririyar yana da ido ba ya gani, ita ce ke hana shi tsatsa shekara da shekaru. Kuloraid, wanda shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin gishirin miya, idan ya taru a jikin rodin sai ya huda wannan yanar a ɗan wuri. Ramin ya riƙa zurfi, cikinsa ya yi tsami, ya ƙara jawo kuloraid. Tsatsar da ke fitowa ta ninka ƙarfen da ta cinye girma sau biyu zuwa shida, ita ce ke turo kankaren daga ciki har ya fashe.

A ƙasarmu kuloraid yana zuwa ta hanyoyin da ba a lura da su. Rijiya mai zartsi da aka kwaɓa da ruwanta. Yashin fadama inda ƙasa ke yin farin ɓawo da rani. Fitsari a masai da garken shanu. Ɗakin da ake sa wa fatu gishiri. Takin NPK, wanda yawancinsa fotash ɗin cikinsa fotasiyam kuloraid ne. Buhu ya yage, damina ta jiƙa daɓen, ruwan ya gangara gindin fila. Sai kuma maganin sa kankare saurin kamawa mai kalsiyam kuloraid, wanda bai kamata ya kusanci aikin rodi ba ko kaɗan.

Aikin fosfet shi ne ya zauna a jikin ƙarfen ya haɗu da shi, ya toshe ƙananan raunukan yanar nan da fosfet na ƙarfe wanda ba ya narkewa, ya kuma yi wa kuloraid kishiya wurin neman mazauni. Sakamakon haka sai kuloraid ya taru fiye da da kafin ya iya huda rodin. Jinkiri yake sayo maka na shekaru, ba ya kawar da gishirin.

Fara da sanin ko akwai gishirin

Ƙa'idar Turai ta EN 206 ta yanke cewa a kankare mai rodi kuloraid kada ya wuce kashi 0.4 cikin 100 na nauyin siminti. A buhu mai kilo 50 giram 200 ke nan, wato gishirin miya kamar giram 330, idan an tara na ruwa da na yashi da na tsakuwa. Ruwan kwaɓi kuma, bisa EN 1008, kada kuloraid ɗinsa ya haura miligiram 1,000 a lita.

Harshe yakan fara jin gishiri tun wajen miligiram 250 a lita, don haka ruwan da ka kurɓa ka ji garɗinsa babu zartsi, ya yi. Idan ka ji zartsi, nemi ɗan alƙalamin awon ruwa irin na masu gidan fiya wata. In ya nuna ƙasa da 1,000, kuloraid ba zai iya wuce iyaka ba tunda wani ɓangare ne kawai na abin da aka auna. In ya haura, a kai ruwan ɗakin gwaji, ko na sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero ko na jami'ar Wudil, ko kuma a canza rijiya. Yashi kuwa, zuba mudu ɗaya a bokiti da ruwa mai kyau daidai yawansa, dama, bar shi ya kwanta, ka auna ruwan saman ka kwatanta da yadda yake kafin a zuba. Idan lambar ta yi tsalle sosai, wanke yashin ko a ɗebo na tsakiyar kogi.

Wane fosfet ɗin?

Nan ne aka fi yin asara, shi ya sa za mu daɗe a kai.

Asalin fosfet dutse ne, ma'adinin da ake kira afatayit. Maroko ce ke riƙe da mafi yawan ajiyarsa a duniya, muna da shi a yankin Dange da ke Sakkwato, akwai kuma a Tawa ta Nijar. Wani zai ce to a niƙa dutsen a zuba a kwaɓi mana. Ba zai yi aiki ba. Dutsen fosfet sai a cikin tsami yake narkewa, kankare kuwa kishiyar tsami ne, saboda haka garin zai zauna kamar yashi, babu abin da zai isa jikin rodin.

Taki ma ba shi ba ne. Sufa yana da tsami, kuma kusan rabinsa jifsam ne, salfet ɗin cikinsa yana kumbura kankare. DAP yana da amoniya, da ya haɗu da siminti sai wari ya tashi, kankaren ya yi rauni. NPK kuwa ɗauke yake da ainihin kuloraid ɗin da ake gudu.

Abin nema shi ne tiraisodiyam fosfet, farin gari mai ƙyalli kamar sukari, wanda masu sayar da kemikal a Kano ke sayar wa masu wanke-wanke da masu tukunyar tururi. A jikin buhun za ka ga Na3PO4·12H2O, ko Na3PO4 kawai idan busasshe ne. A kasuwa TSP ake ce masa, kuma akwai takin zamani da shi ma TSP ake rubuta masa, mai ƙwayoyi ruwan toka. Ba su da alaƙa a wannan aiki. Akwai kuma STPP na masu haɗa sabulun ruwa; shi wannan yana hana siminti kamawa ƙwarai, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Haka irin TSP da aka gauraya da bilic don kashe ƙwayoyin cuta, da ka buɗe za ka ji warinsa, a bar shi.

Gwada kafin ka biya kuɗin buhu. Cokalin shayi ɗaya a rabin lita na ruwa mai kyau: na gaskiya zai narke tas, ruwan ya yi santsi kamar na sabulu, takardar awon pH ta nuna wajen 12. Na taki zai bar laka a ƙasa, takardar ta nuna tsami.

Me ya sa ba a cikin kwaɓi ba

Zuba garin a kwaɓi shi ne mafi sauƙi, amma ba ma ba da wannan shawara ga aikin da babu ɗakin gwaji a bayansa. Siminti cike yake da kalsiyam, fosfet kuwa da ya ga kalsiyam sai ya kama shi su zama afatayit, wato ya koma dutsen da ya fito. Abin da zai rage ya isa rodin kaɗan ne. Wanda ya kama ɗin kuma yana lulluɓe ƙwayoyin siminti, kankaren ya kwana bai yi tauri ba, ƙarfinsa na farko ya ragu. Wannan ne ma ya sa EN 1008 ta sa fosfet a jerin abubuwan da ake gudu a ruwan kwaɓi, tare da sukari, ta iyakance shi a miligiram 100 a lita sai in an gwada kamawar simintin an ga ba ta lalace ba.

Ga lissafin kuma. Don fosfet ya iya tare kuloraid a cikin kwaɓi, kowane giram ɗaya na kuloraid yana son giram 7 zuwa 11 na garin mai ƙyalli. Kwaɓin da kuloraid ɗinsa ya kai kashi 1 cikin 100 na siminti zai ci aƙalla kilo 3.5 a kowane buhu. Kuɗin nan ya isa a sayo ruwa mai kyau a kura har a yi canji. Sa ɗan kaɗan don a ce an sa kuwa, kamawar simintin kawai zai dagula.

Jiƙa rodin kafin a ɗaura

Ba duk rodin gida ke bukata ba. Zaɓi na inda gishirin yake: murfin masai da sokawe, gindin fila tun daga fandesho har mita ɗaya sama da daɓe, kwalbati a fadama, daɓen ɗakin taki ko na fatu, kwamin shayar da dabbobi.

Mai ɗaurin rodi ya gama yanka da lanƙwasa tukuna. Idan aka lanƙwasa bayan an jiƙa, yanar za ta tsage a gwiwa, gwiwa kuwa ita ce ta fi kusa da waje. A goge da burushin waya har duk tsatsar da ke ɓarewa ta faɗi. Jan da ya manne, wanda yatsa ba ya cirowa, ba ya hana komai. Baƙin mai ko giris a wanke shi da omo a ɗauraye.

Wurin jiƙo ya zama na roba. Bututun PVC mai inci 6, tsawon mita 3, a tsaga samansa a toshe bakinsa biyu, yana ɗaukar kamar lita 50, ya ishi rodin murfin masai da dama. Ringi da wayar ɗauri a zuba su a shuɗin durom. Kada a yi amfani da tukunyar dalma ko bokitin kwano, ruwan yana cin alminiyam da zinki.

Awon haɗi: giram 190 na mai ƙyallin a kowace lita, wato kilo 4.75 a jarka mai lita 25. Idan busasshen ne, kilo 2 ya isa jarkar. A sa safar hannu ta roba da tabarau, a zuba garin cikin ruwan a hankali ana juyawa da sanda. Ruwan sama ya fi, ko na famfo mara nauyi. Ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa zai yi fari kamar koko, alamar kalsiyam ɗinsa ya cinye wani ɓangaren maganin. In shi kaɗai ke akwai, a bar shi ya kwanta a tsiyaye na sama, a ƙara gari kaɗan.

A nutsar da rodin gaba ɗaya, kada wani yanki ya leƙo waje, a rufe da leda. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, uku ya fi. A juya su sau ɗaya a rana domin inda suka haɗu da juna ya samu. Da hunturu, sanyin asuba kan sa garin ya sake daskarewa a ƙasan bututun kamar ƙanƙara. A ajiye jiƙon inda rana ke bugawa, ko a ɗumama wani kaso na ruwan a mayar.

Da an tsamo, a jingina su a kan katako a inuwa su tsane. Kada ka yi tsammanin ganin fenti. Rodin zai ɗan dushe ne kawai. Abin da za ka gani shi ne farin gari a kwarin zanen rodin. A kakkaɓe shi da burushi mai laushi, ko a goge da tsumma mai ɗan danshi. Barin sa da kauri yana hana simintin da ke jikin rodin kamawa, sai a samu ƙarfe yana zaune a cikin gari, riƙon da ake nema tsakaninsu ya tafi. Wanke shi da tiyo kuma ɓarna ce. A ɗaura a zuba kankare cikin kwana biyu zuwa uku, kafin raɓa ko yayyafi su taɓa shi.

Wanda zai yi babban aiki ya fara da gwaji: gwangwanin fenti biyu, guntun rodi jiƙaƙƙe a ɗaya, wanda ba a jiƙa ba a ɗaya, kwaɓi iri ɗaya. Bayan kwana 7 a fasa. Shatin zanen rodin ya kamata ya fito raɗau da tauri a duka biyun. In na jiƙaƙƙen yana marmashewa da farce, ba a kakkaɓe garin da kyau ba.

Ruwan jiƙon ana maimaita shi sau da dama muddin yana rufe. In ya yi laka, ko pH ɗinsa ya sauka ƙasa da 11.5, ya gama aiki.

Kankaren da zai rufe shi

Maigida, a nan ne kuɗinka zai tsira ko ya salwanta. Buhu ɗaya na siminti mai lamba 42.5, yashi kwanon sarki 3, tsakuwa kwano 6, ruwa lita 22 zuwa 25, wato kada ya wuce jarka ɗaya, a rage ma idan yashin jiƙe yake. Leburori sukan ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi. Duk ruwan da ya wuce bukatar siminti, in ya bushe hanya yake bari, ta nan gishiri zai bi.

Tsakanin rodi da fuskar kankare a bar milimita 50 a wurin gishiri, 75 idan a kan ƙasa tsirara za a zuba. A buga biskit, wato 'yan guntayen da ke tokare rodi don tazarar nan ta tabbata, na siminti da yashi, 1 da 2, da waya a jiki, a ba su ruwa mako guda, a ɗaura su kowane santimita 60. Guntun bulo ko katako ba ya zama biskit, shan ruwa yake ya kai wa rodin. Kan wayar ɗauri a lanƙwasa shi ciki. Murfin masai ta ƙasa ake cinsa, inda tururin ramin ke taruwa, don haka biskit ɗin ƙasa ya fi na ko'ina muhimmanci, kuma a sa bututun fitar da iska.

A girgiza kankaren da injin foka, in babu a soka da sanda a bubbuga katakon har kumfa ta daina fitowa. Ba da ruwa kwana 7 ba fashi, da iskar hunturu ko zafin bazara a kai 14, a rufe da buhunan algarara masu jiƙe. Ruwan bayarwar ma kada ya zama mai zartsi.

Idan tsatsar ta riga ta kama

Kafin a taɓa fila, bim ko dakin, a tokare su da katako ko jak, kuma injiniya ya gani. Murfin masan da ya tsage har rodi ya fito, kada a tsaya gyara. A sake sabo, rai ake magana.

A bi wurin da ƙaramar guduma. Inda ya yi ƙarar ganga ya rabu da rodi, a zana da alli. A fasa da kurfi har bayan rodin, yatsu su iya zagaya shi, kamar milimita 20 zuwa 25, a kuma bi tsawonsa har a wuce ƙarshen tsatsar da santimita 10. Bakin ramin a yanke shi a tsaye, zurfin aƙalla milimita 10. Baki mai siririn lebe ɓarewa yake. Yawancin facin da ke faɗowa bayan damina biyu, gaban rodin kawai aka share, aka bar kankare mai gishiri manne a bayansa.

A kankare tsatsar da burushin injin gurza har ƙarfe ya yi haske, sannan a wanke da ruwa mai kyau da ƙarfi, domin kuloraid yana maƙalewa a gindin ramukan. A auna kaurin da ya rage. Rodi mai 12 da ya koma ƙasa da 11 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa, a goya masa sabo, ya zarce wurin ciwon ta kowane gefe da tsawon kaurinsa sau 50, santimita 60 ke nan ga mai 12.

Tsatsar da burushi bai kai gare ta ba, a nan maganin tsatsa mai asid na fosforik, irin na masu gyaran jikin mota, yake da amfani. Yana mayar da jar tsatsa baƙin fosfet na ƙarfe. A shafa da ƙaramin burushi a jikin ƙarfen kaɗai, siriri, a tare kankaren da leda don asid yana cinsa. In ya yi baƙi ya bushe, a goge farin ƙurar da ta fito, a ɗauraye sosai, a bi da ruwan da aka dama siminti kaɗan a ciki don ya kashe sauran tsamin. Asid ɗin da aka rufe a ciki yana rushe ainihin kariyar da kankare ke bayarwa. A duba takardar gwangwanin: wanda aka haɗa da asid na haidirokulorik kuloraid ne tsantsa, ba ya shiga wannan aiki. Fentin mai na ƙofofi da tagogi, ko da an rubuta yana da fosfet na zinki, kada a shafa wa rodi. Ruwan tokar siminti yana narkar da mansa, rodin ya yi santsi.

Daga nan a tsoma tsummoki a ruwan tiraisodiyam na awon da aka ambata, a naɗe rodin, a rufe da leda ya kwana. Washegari a kwance, a goge farin garin, a wanke abin da ya ɗiga a tsohon kankaren. A jiƙa tsohon kankaren ya ƙoshi amma ba ruwa kwance, a shafa kunun siminti a rodi da bangon ramin, tun yana ɗanye a cusa kwaɓi na siminti 1 yashi 3 mai ɗan tauri, a fara da bayan rodin ana dannawa da yatsu cikin safar roba, hawa-hawa kada kowane hawa ya wuce milimita 25. Rami mai zurfi a kafa masa katako a zuba kankare da ƙananan tsakuwa na milimita 10. A ba da ruwa mako guda.

Abin lura a nan: ƙarfen da ke cikin sabon faci ya samu lafiya, na gefensa yana nan cikin tsohon kankare mai gishiri, sai cin ya koma can, a ga sabuwar tsaga ta zagaye facin. Shi ya sa ake faɗaɗa fasawa, kuma dole a datse inda gishirin ke shigowa. A ɗaga buhunan taki a kan katako nesa da fila, a gyara kwatar fitsari, a shafa kwalta a gindin filar da ke cikin ƙasa bayan facin ya bushe. Duk ƙarshen damina a zagaya bakin facin da guduma.

Ragowar ruwan jiƙo

Ruwan yana ƙona ido da fata, kuma a ido kamar ruwan sha yake. A rubuta a jikin jarkar, a ɗaure bakinta, a ajiye inda yara da awaki ba sa kaiwa. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu minti 15 a tafi asibiti.

Kada a tuttular da shi a kududdufi, kwata ko magudanar ban ruwa. Fosfet abincin gansakuka da ciyawar ruwa ne, mutanen fadamar Haɗeja kuwa sun san abin da kacalla ta yi wa hanyoyin ruwansu. A zuba farar ƙasa ko ragowar siminti kamar kwano ɗaya a cikin kowace jarka biyu, a cikin durom, a dama, a bar shi kwana biyu. Fosfet ɗin zai kama kalsiyam ya kwanta fari a ƙasa. Ruwan saman har yanzu yana da kaifin toka, a juye shi a ramin da ya yi nisan aƙalla mita 30 da kowace rijiya, lakar kuma a bar ta ta bushe a haɗa da ɓaraguzan ciko a ƙarƙashin daɓe.